RANGWAMEN HARAJI A KAN KUƊIN MAGANI: IYAKARSA DA DALILANSA

GABATARWA

Tun daga ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 2026 sabuwar Dokar Haraji ta Nijeriya ta fara aiki a dukan Jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, Abuja. Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ne ya sa mata hannu ranar 26 ga watan Yuni na shekarar 2025, tare da waɗansu dokoki uku da suka shafi tsarin tara haraji. Daga cikin al'amuran da jama'a suke bukatar cikakken bayani a kansu akwai batun kuɗin asibiti.

Sau da yawa magidanci yakan kwanta ciwo, ko a yi wa matarsa tiyata wajen haihuwa, ko mahaifinsa ya kamu da ciwon ƙoda, ya kashe albashin wata da watanni kafin a sami sauƙi. Yakan adana rasit ɗin asibiti da na kantin magani, yana zaton idan ya kai su ofishin haraji za a rage masa abin da zai biya a wannan shekara. Wannan zato kuskure ne, kuma ya fi kyau mutum ya sani tun ciwo bai zo ba. Dokar harajin kuɗin shiga ta ƙasar nan ba ta yarda a cire kuɗin da mutum ya biya asibiti daga aljihunsa ba, komai yawansa. Rangwamen da ta tanada a fannin lafiya yana da iyaka, kuma an nufe shi ne ga wurare biyu: gudummawar da mutum yake biya a ƙarƙashin shirin inshorar lafiya na ƙasa, da kuma farashin magunguna da ayyukan asibiti, waɗanda aka ɗauke wa harajin VAT.

Wannan ɗan littafi zai bayyana yadda rangwamen yake aiki, da dalilan da suka sa aka taƙaita shi, da abin da ya kamata mai biyan haraji ya yi don ya ci moriyarsa.

MENE NE RANGWAMEN HARAJI?

Ba a ɗora haraji a kan dukan abin da mutum ya samu a shekara. Kafin a yi lissafi, doka ta yarda a fitar da waɗansu kuɗaɗe daga cikin jimlar samun, sa'an nan a aza haraji a kan abin da ya rage. Wannan fitarwa ita ce ake kira rangwame.

A nan ne mutane da dama suke ruɗewa. Idan aka ce an yi wa mutum rangwamen Naira 100,000, ba ana nufin gwamnati za ta ba shi Naira 100,000 ba, ba kuma ana nufin harajinsa zai ragu da Naira 100,000 ba. Abin nufi shi ne ba za a ɗora haraji a kan wannan Naira 100,000 ɗin ba. Gwargwadon abin da zai amfana kuwa ya danganta ne da matakin harajin da samunsa ya kai. Ga matakan da sabuwar dokar ta shimfiɗa a kan samun shekara, bayan an fitar da rangwame:

Naira 800,000 na farko: babu haraji.
Naira 2,200,000 na gaba: kashi 15 cikin 100.
Naira 9,000,000 na gaba: kashi 18 cikin 100.
Naira 13,000,000 na gaba: kashi 21 cikin 100.
Naira 25,000,000 na gaba: kashi 23 cikin 100.
Abin da ya haura Naira 50,000,000: kashi 25 cikin 100.

Har wa yau, ma'aikacin da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka tsayar a kan Naira 70,000 a wata a shekarar 2024, ba ya biyan harajin kuɗin shiga. Ya kamata mai karatu ya riƙe waɗannan matakai, domin a kansu ne sauran bayanin zai tsayu.

ABUBUWAN DA DOKA TA LISSAFA

Doka ba ta bar wa jami'in haraji ikon ya zaɓi abin da zai yi wa rangwame bisa ga tausayinsa ba. Ta lissafa abubuwa shida, kuma duk abin da ba ya cikinsu ba ya samun shiga:

1. Gudummawar Asusun Gidaje na Ƙasa.
2. Gudummawar shirin inshorar lafiya na ƙasa.
3. Gudummawar fansho a ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho.
4. Kuɗin ruwa a kan rancen da mutum ya ci don gina gidan da shi kansa yake zaune a ciki.
5. Kuɗin inshorar rai da mutum ya biya don kansa ko don matarsa, ko mace don mijinta.
6. Rangwamen haya, watau kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gida na shekara, amma kada ya wuce Naira 500,000.

Wanda ya duba da kyau zai ga cewa abu ɗaya ne tak a cikin shidan nan ya shafi jinya, shi ne na biyu. Babu kuɗin ganin likita a ciki, babu kuɗin gado, babu na tiyata, babu na awon jini ko ɗaukar hoton ƙirji, balle kuɗin jirgi da masauki na wanda ya tafi Masar ko Indiya neman magani.

Wannan ba sabon abu ba ne a dokokin ƙasar nan. Dokar Harajin Kuɗin Shiga ta 1993 ta tanadi ɗan rangwame ga wanda yake riƙe da ɗan'uwa na kusa da tsufa ko rashin lafiya ya hana shi neman abincinsa, amma bai wuce Naira 2,000 a kan mutum ɗaya ba, kuma mutum biyu ne iyaka. Gyaran da aka yi wa dokar a shekarar 2011 ya kawo rangwame na bai ɗaya, watau Naira 200,000 ko kashi 1 cikin 100 na samu, duk wanda ya fi yawa, da ƙarin kashi 20 cikin 100, ya kuma ambaci gudummawar inshorar lafiya cikin abubuwan da ba a ɗora wa haraji. Dokar 2025 ta soke rangwamen bai ɗayan, ta kawo na haya da matakin Naira 800,000 marar haraji, amma ta bar na inshorar lafiya a inda yake.

MISALI DA LISSAFI

A ɗauka akwai wani ma'aikacin gwamnati wanda jimlar albashinsa a shekara Naira 3,600,000 ce. A cikin shekarar an cire masa Naira 288,000 na fansho da Naira 63,000 na inshorar lafiya. Yana kuma biyan hayar gida Naira 600,000, saboda haka rangwamen hayarsa Naira 120,000 ne. Idan aka fitar da waɗannan uku, abin da ya rage shi ne Naira 3,129,000.

A kan Naira 800,000 na farko ba zai biya kome ba. A kan Naira 2,200,000 na gaba zai biya Naira 330,000. A kan ragowar Naira 129,000 zai biya kashi 18 cikin 100, watau Naira 23,220. Jimlar harajinsa na shekara ta zama Naira 353,220.

Da ba a fitar masa da Naira 63,000 na inshora ba, da harajinsa ya kai Naira 364,560. Ke nan rangwamen inshorar ya sauƙaƙa masa Naira 11,340 a shekara. Da wata fuskar, inshorar da aka rubuta Naira 63,000 ta tsaya masa a kan Naira 51,660, gwamnati ta ɗauki sauran ta hanyar harajin da ta yafe.

To, a ce a cikin wannan shekara ma'aikacin nan ya kai ƙaninsa wani asibiti mai zaman kansa ya biya Naira 500,000 daga aljihunsa. Harajinsa zai tsaya a kan Naira 353,220 ɗin nan, ko kwabo ba zai ragu ba.

DALILAN TAƘAITA RANGWAMEN

Mai karatu yana iya tambaya, tun da ciwo ba zaɓin mutum ba ne, me ya hana gwamnati ta tausaya wa wanda jinya ta cinye wa dukiya? Tambayar tana da nauyi, kuma ta cancanci amsa dalla-dalla.

Dalili na farko shi ne adalci tsakanin mai hali da marar hali. A sake ɗaukar kuɗin asibiti Naira 500,000, a ɗauka kuma doka ta yarda a fitar da shi. Babban ɗan kasuwa wanda samunsa ya haura Naira miliyan 50 zai sami sauƙin Naira 125,000, domin matakinsa kashi 25 ne. Malamin makaranta da yake matakin kashi 15 zai sami Naira 75,000 in ya yi yawa. Masinja mai ƙaramin albashi, da manomin da ya sayar da san nomansa don ya biya wannan kuɗi, da mai sayar da ƙosai a bakin tasha, ba za su sami kome ba, domin da ma ba su kai matakin biyan haraji ba, kuma ba a rage abin da babu shi. Ciwo ɗaya, kuɗi ɗaya, amma wanda ya fi ƙarfi shi zai fi samun taimako, wanda ya fi bukata kuwa ya tashi hannu wofi. Kuɗin da gwamnati za ta yafe wa mai hali kuma daga baitulmalin da ake gina wa talaka ɗakin shan magani zai fita.

Dalili na biyu shi ne wuyar tantancewa. Yawancin cinikin magani a ƙasar nan da tsabar kuɗi ake yin sa, a kantunan magani na unguwa da ƙananan asibitoci, wani lokaci babu rasit, wani lokaci kuma rasit ɗin da hannu aka rubuta shi. Jami'in haraji ba likita ba ne. Ba shi da hanyar sanin ko tiyatar da aka rubuta an yi ta, ko kuɗin da aka rubuta shi aka biya, ko majinyacin ɗan gidan mai neman rangwamen ne. Idan aka buɗe wannan ƙofa, masu buga rasit na ƙarya ne za su fara shiga, mai gaskiya kuwa a ɗora masa nauyin giɓin da suka haddasa. Gudummawar inshora ba ta da wannan matsala, gama tana bi ta takardar albashi ko ta banki, kuma akwai hukumar da take riƙe da sunan kowane mai rajista.

Dalili na uku shi ne lokaci. Rangwamen haraji a kan kuɗin asibiti sai bayan an riga an biya yake zuwa, wataƙila bayan shekara guda. Wanda aka ce ya kawo kuɗi kafin a shiga da matarsa ɗakin tiyata da tsakar dare, alkawarin sauƙin haraji na baɗi ba zai amfane shi da kome ba. Abin da yake bukata shi ne a riga an biya tun kafin daren ya zo. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye. Wannan hali ne yake sa a sayar da gona ko a ci bashi, shi ne kuma yake sa a bar majinyaci a gida har ciwo ya ci ƙarfinsa. Manufar gwamnati ita ce ta rage wannan kaso, don haka ta aza rangwamen a kan biyan da ake yi tun ana lafiya.

Dalili na huɗu shi ne kuɗin shigar Jihohi. Harajin kuɗin shiga na mutane, mafi yawansa Hukumomin Tara Haraji na Jihohi ne suke karɓarsa, kuma yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu na cikin gida. Da shi ake taimakawa wajen biyan likitoci da ungozomomi da ma'aikatan jinya na asibitocin Jiha. Kowane rangwame da aka ƙara, ragi ne a kan wannan asusu.

INSHORAR LAFIYA: INDA RANGWAMEN YA DOSA

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da Doka ta 35 ta shekarar 1999, ya kuma fara aiki a shekarar 2005 a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. A watan Mayu na shekarar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, da ake kira NHIA a taƙaice, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya da duk wanda yake zaune a ƙasar bisa ƙa'ida. Dokar ta haɗa har da wuraren aiki masu zaman kansu da suke da ma'aikata biyar ko fiye.

Tsarin inshora bai bambanta ƙwarai da adashi ko gayya da Hausawa suka saba da su ba. Mutane da yawa suna zuba kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya alhali suna lafiya, wanda ciwo ya kama a cikinsu a yi masa magani daga asusun. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A shirin ma'aikata, mai ɗaukar aiki yana zuba kaso mafi yawa, ma'aikaci ya zuba ƙarami, kuma rajistar takan haɗa da ma'aikacin da matarsa ɗaya ko mijinta da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wanda iyalinsa ya fi haka yana iya ƙara su da ƙarin biya. Idan aka rubuta wa mai rajista magani, kashi 10 cikin 100 na kuɗin yake biya. Wannan kashi 10 ɗin biyan aljihu ne, ba ya cikin rangwamen haraji. Wajibi ne kuma mai rajista ya nemi sanin jerin ayyukan da shirinsa ya ƙunsa, domin akwai waɗansu manyan jinyoyi da inshorar ba ta ɗauka gaba ɗaya.

Jihohi ma sun kafa nasu hukumomi, kamar KSCHMA a Jihar Kano da KADCHMA a Jihar Kaduna da LASHMA a Jihar Legas. Ga 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da waɗanda suka yi ritaya, Hukumar NHIA tana da shirin da ake kira GIFSHIP, wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya suke iya shiga da biyan shekara-shekara.

Saura waɗanda ba su da halin zuba kome. Waɗannan rangwamen haraji ba zai taɓa kai musu ba, saboda haka aka nema musu wata hanya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta kafa Asusun Samar da Kiwon Lafiya a Matakin Farko, wanda Gwamnatin Tarayya za ta riƙa zuba wa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigarta ba, aka kuma fara ware masa kuɗi a kasafin shekarar 2018. Dokar 2022 ta ƙara da Asusun Masu Rauni, domin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu da tsofaffi da naƙasassu da matalauta. Harajin da mai hali ya biya cikakke, shi ne yake ciyar da irin waɗannan asusai.

HARAJIN VAT A KAN MAGUNGUNA

Hanya ta biyu ta sauƙin haraji ba ta bukatar takarda ko rajista, kuma tana kai wa ga kowa. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan sayen kaya da ayyuka, ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairu na 2020. Tun farkonsa an keɓe magunguna da ayyukan asibiti daga cikinsa. Maganin Naira 20,000, da ana ɗora masa wannan haraji, da ya zama Naira 21,500.

Dokar 2025 ta ƙara gaba. Ta sanya magunguna da kayan aikin asibiti da ayyukan jinya a matakin sifiri. Bambancin yana da muhimmanci. A tsohon tsari, mai masana'antar magani ba ya karɓar VAT daga mai saye, amma VAT ɗin da shi ya biya wajen sayen kayan aikinsa yakan maƙale a cikin farashi ta bayan fage. A matakin sifiri kuwa yana da damar neman a mayar masa da abin da ya biya, ta yadda nauyin ba zai gangaro kan majinyaci ba. Kafin wannan ma, a watan Yuni na 2024, Shugaban Ƙasa ya ba da umurnin ɗauke kuɗin kwastan da VAT na tsawon shekara biyu a kan waɗansu kayayyakin da masana'antun magunguna na cikin gida suke shigowa da su.

Saboda haka duk wanda ya ga an rubuta masa VAT a kan kuɗin magani ko na ganin likita, yana da hakkin ya nemi bayani, in bai gamsu ba ya kai ƙara ga Hukumar Tara Haraji ta Nijeriya, NRS, wadda ta gaji tsohuwar FIRS.

'YAN KASUWA DA KAMFANONI

Ɗan kasuwa yana da damar fitar da kuɗin da ya kashe wajen gudanar da kasuwancinsa kafin a ƙirga ribarsa, muddin don neman samun kaɗai aka kashe shi. Hidimar gida da ta kai ba ta cikin wannan. Mai shagon atamfa a Kantin Kwari zai iya fitar da hayar shago da albashin yaransa, amma ba zai rubuta kuɗin jinyar kansa ko ta iyalinsa a littafin shago a matsayin kuɗin gudanarwa ba. Kamfanin da ya biya wa ma'aikatansa inshorar lafiya kuwa, wannan yana cikin hidimar ma'aikata, ana lissafa shi cikin kuɗin gudanar da kamfani. Haka kuma kamfanin da ya ba da gudummawa ga irin cibiyoyin jama'a da doka ta amince da su yana samun rangwame, amma har iyakar kashi 10 cikin 100 na ribarsa.

Ma'aikacin da ya ji rauni ko ya kamu da cuta a dalilin aikinsa, hanyarsa daban ce. Dokar Diyyar Ma'aikata ta shekarar 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansu a asusun da hukumar NSITF take kula da shi, daga nan ake biyan jinya da diyya.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE SUKE YI

Ba Nijeriya kaɗai ce ta taƙaita wannan rangwame ba. Ko ƙasashen da suka yarda da shi sun kewaye shi da shinge.

A Amurka, inda aka fara shi a shekarar 1942, mutum ba ya fitar da kuɗin jinya sai abin da ya haura kashi 7.5 cikin 100 na samunsa. Wanda samunsa Dala 40,000 ne, Dala 3,000 na farko a wuyansa suke. Tiyatar gyaran jiki don ado ba ta shiga. A Japan sai abin da ya haura Yen 100,000 ga yawancin masu biya, kuma akwai iyaka ta sama, Yen miliyan 2. A Ayalan ana mayar da kashi 20 cikin 100 na yawancin kuɗin jinya, amma ban da gyaran haƙori da awon ido na yau da kullum. A Birtaniya, inda ake jinya kyauta a asibitocin gwamnati tun shekarar 1948, babu rangwame na gaba ɗaya. An taɓa yi wa masu shekara 60 zuwa sama rangwame a kan inshorar asibitocin kuɗi a shekarar 1990, aka soke shi a 1997. Ostareliya ma ta janye nata kaɗan-kaɗan har ya ƙare a shekarar 2019.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Afirka ta Kudu. A da tana fitar da gudummawar inshorar lafiya daga samu, sai aka lura cewa masu manyan albashi ne suka fi cin moriya, kamar dai yadda lissafin da aka kawo a baya ya nuna. Daga watan Maris na 2012 ta koma ga rage ƙayyadadden adadi daga harajin kansa, daidai wa daida ga babba da ƙarami. A shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025 adadin ya kasance Rand 364 a wata ga mai biyan harajin.

ABIN DA MAI BIYAN HARAJI ZAI YI

Na farko, ya yi rajista da shirin inshorar lafiya, ya kuma tabbatar sunayen iyalinsa sun shiga, ya zaɓi asibitin da yake kusa da gidansa.

Na biyu, ma'aikaci ya riƙa duba takardar albashinsa, ya tabbatar an fitar da gudummawar inshora kafin a lissafa harajin PAYE, watau wanda ake cirewa daga albashi kowane wata. In ya ga saɓanin haka, ya tuntuɓi ofishin albashi na wurin aikinsa.

Na uku, ya sani cewa doka ta ce sai an nemi rangwame a rubuce, kuma hukumar haraji tana da ikon neman shaida. Mai sana'ar kansa ya adana shaidar biyan inshora, ya haɗa ta da takardar bayanin samunsa ta shekara, wadda ake miƙawa kafin ƙarshen watan Maris. Masu ɗaukar aiki kuwa suna miƙa bayanin ma'aikatansu kafin ƙarshen watan Janairu.

Na huɗu, abin da doka ta ambata shi ne gudummawar da aka biya a ƙarƙashin shirin inshorar lafiya na ƙasa. Wanda yake biya ga wani kamfanin inshora bisa wata yarjejeniya tasa ta daban, ya nemi amsa a rubuce daga Hukumar Tara Haraji ta Jiharsa kafin ya fitar da kuɗin. Mazauna Abuja za su tuntuɓi hukumar haraji ta Babban Birnin Tarayya. Sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan jakadanci kuwa harajinsu yana hannun NRS. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyar, wanda aka ƙayyade wa harajin da bai yarda da shi ba yana da kwana 30 daga ranar da takardar ta iso masa don ya rubuta ƙorafi. In ba a daidaita ba, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, akwai kuma ofishin Mai Sauraron Koke-koken Haraji da dokokin 2025 suka kafa.

Na shida, ya guji masu yi masa alkawarin sama masa rangwame da rasit na bogi. Ba da bayanin ƙarya ga hukumar haraji laifi ne da doka ta tanadar wa tara ko ɗauri, kuma wanda ya sa hannu a takardar shi za a tuhuma.

KAMMALAWA

Gwamnati ba ta jahilci nauyin da jinya take ɗora wa magidanta ba. Abin da ta zaɓa shi ne ta kai taimako ta hanyoyin da za a iya tantancewa, waɗanda kuma suke riskar mutum kafin ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi: rangwame ga mai zuba gudummawar inshora, magani marar VAT ga kowa da kowa, da asusai na musamman ga waɗanda ba su da hali. Ya rage ga jama'a su yi nasu ɓangaren. Ana kira ga shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata da na 'yan kasuwa, da masu unguwanni da dagatai da malaman addini, su isar da wannan bayani ga mutanensu, su kuma ƙarfafa musu gwiwar yin rajista tun suna cikin ƙoshin lafiya. Don ƙarin bayani sai a je ofishin Hukumar Tara Haraji ta Jiha, ko ofishin Hukumar Inshorar Lafiya mafi kusa.